Ni AS, shi AS, Baba ya ce mu yi tawakkali

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 24, ina koyarwa a wata firamare a Kano. Shekararmu uku muna tare da ɗan baffana. An kawo kuɗin aure, an sa rana bayan Babbar Sallah, lefe ma an kusa gama haɗawa. Da muka je gwajin da ake yi kafin aure sai aka ce ni AS ce, shi ma AS, likitar ta ce muna iya haifar 'ya'ya masu sikila. Baba malami ne, yana ba da karatu a zaure. Ya ce likita bai san gaibu ba, su da iyayensu sun yi aure ba gwaji kuma ga mu nan da ranmu, ciwo da lafiya duk na Allah ne, fasa auren nan raunin imani ne da yanke zumunci. Shi kuma yaron ya ce yana da wanda zai rubuta masa takarda a sa AA a wuce wurin. Umma ba ta ce komai ba, amma na kama ta tana kuka a ɗaki. Na yi istihara sau bakwai ban ga komai a mafarki ba. Ina son sa, Anti, kuma ina tsoron Allah. In na ce na fasa, na ƙi ƙaddara ke nan? Na saɓa wa mahaifina?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata.

Na karanta wasiƙarki da daddare, na ajiye, da asuba na sake ɗauka. Ba zan yi miki kwana-kwana ba. Ku sake yin gwajin a wani wuri na daban. Idan sakamako ya sake fitowa ke AS shi AS, shawarata ku haƙura da juna. Yin hakan bai taɓa imaninki ba, kuma zan nuna miki dalili daga littattafan da Babanki yake karantarwa a zaurensa. Ni ba mai ba da fatawa ba ce, amma na zauna gaban malamai na ji, na kuma kwana a asibiti na gani.

Na ce a sake gwaji ne don kuskure yana faruwa. Ana musanya kwalbar jini, ana karanta sakamako ba daidai ba, wanda aka yi wa ƙarin jini a watannin kusa kuma sakamakonsa yana iya ruɗewa. Ku je babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ku tambayi gwajin da ake yi da na'urar HPLC, ya fi na ƙananan ɗakunan gwaji tabbaci. Ki je da ƙafarki, a ɗebi jininsa a gabanki, a ɗebi naki a gabansa, ku karɓi takardar tare. Wannan na ƙarshen ki riƙe shi da kyau, za ki ga dalili a gaba.

Ki fara cire wa ranki cewa AS wani aibi ne a jikinki. Lafiyarki ƙalau, shi ma haka. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Akwai ma wata hikima ta Ubangiji a ciki: tun 1954 wani likita mai suna Anthony Allison ya nuna, daga binciken da ya yi a gabashin Afirka, cewa masu AS sun fi samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Shi ya sa abin ya yawaita a ƙasashen da sauro ya yi wa katutu irin tamu. Mai AS ya gaji A mai lafiya daga ɗaya cikin iyayensa, S na sikila daga ɗayan. Matsalar tana zuwa ne idan S ɗin uwa ya haɗu da S ɗin uba a jikin yaro ɗaya, ya zama SS.

Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya kewayayyu ne masu laushi, suna ratsa ƙananan jijiyoyi ba tare da sun maƙale ba, kowace tana yin kwana 120 tana aiki. Na mai SS kuwa, da iskar da ke cikinsu ta ragu sai su lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri, su cunkushe a jijiya. Duk inda suka toshe, jini ba ya isa, wurin ya kama ciwo. Ba sa kuma daɗewa, kwana 10 zuwa 20 sun mutu, shi ya sa kullum jininsu a ƙasa yake, idonsu ya yi ɗorawa. Wannan shi ne amosanin jini, wato sikila. Hasashen da ake yi shi ne ana haifar jarirai kimanin 150,000 da shi a Najeriya kowace shekara, babu ƙasar da ta kai mu a duniya.

Akwai lissafin da mutane da yawa suke fahimta a baibai, ina so ke ki fahimce shi daidai. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zama SS, kaso biyu AS, kaso ɗaya AA. Mutane sai su ɗauka ai cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai fito da shi. Ba haka abin yake ba. Kowane ciki da nasa rabon, na baya bai rage wa na gaba komai ba. Ana iya haifar uku a jere duk SS, ana iya haifar biyar babu ko ɗaya. Na tabbata za a kawo miki misalin wance da mijinta, su ma AS da AS ne, 'ya'yansu biyar garau. Gaskiya ne ana samu: cikin gida huɗu masu 'ya'ya biyar-biyar, kusan gida ɗaya ne yake tsira haka. Sauran ukun ba a cika kawo labarinsu wurin sa rana ba. In Allah ya ba ku 'ya'ya huɗu, yiwuwar a samu aƙalla ɗaya mai SS ta kai kashi 68 cikin 100. In shida ne, ta haura 80.

Lissafi ba ya shiga zuciya, don haka bari in ba ki abin da idona ya gani. Yayata ta auri ɗan kawunmu, lokacin babu mai maganar gwaji. Ɗansu na biyu yana wata bakwai hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura suntum, ko taɓa shi aka yi sai ya ƙwala ihu. Aka ce sanyi ne, aka ce mayu ne, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Sai da ya shekara biyu aka gane. Na tuna wani dare na hunturu, yana ɗan shekara tara, ina gidan na je kwana. Wajen ƙarfe biyu ya farka yana cewa ƙashinsa ake sara da gatari. Yaya ta dafa ruwa ta jiƙa tsumma tana gasa masa gwiwa, ni ina shafa masa man zafi a baya, babansa ya fita neman abin hawa a unguwar da ko kare ba ya motsi. A asibiti aka ce jininsa ya yi ƙasa sosai, a nemo leda biyu. Uban ba zai iya sake bayarwa ba don bai daɗe da bayarwa ba, sai da aka taso ƙannensa daga barci. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da gari ya waye, allura ta fara aiki, yaron ya dubi uwarsa ya ce, "Umma, ki yi haƙuri na hana ki barci." Yaya ta fita baranda ta toshe bakinta da mayafi don kada ya ji kukanta. Ya rasu yana da shekara 16. Har yau ba ta taɓa cewa ta yi da-na-sanin haihuwarsa ba, kuma ban taɓa jin ta yi wa Allah ƙorafi ba. Amma ita ce ta fara kama hannun 'ya'yanta mata ta kai su gwaji tun suna sakandare.

Ban kawo wannan don in ce mai sikila ba shi da rayuwa ba. Akwai su likitoci, akwai malamai, akwai iyayen 'ya'ya, kuma kulawa ta fi ta da nisa. Maganin haidiroksiyuriya yana rage yawan tashin ciwon, har likitocin Kano tare da na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun yi bincike a nan gida a kan yadda yake kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Duk wanda Allah ya riga ya kawo duniya da SS amana ne, haƙƙinsa a kula da shi, a aura masa wanda ya dace, kada a riƙa yi masa kallon gawa. Sai dai ki tambayi kowane babba a cikinsu ko zai so ɗansa ya ɗanɗani abin da ya ɗanɗana, ki ji amsarsa.

Maganar Babanki kuma, kada ki raina ta. Da ya ce ciwo da lafiya na Allah ne, gaskiya ya faɗa, babu musulmin da zai ja. Inda muka rabu da shi shi ne abin da ya gina a kan wannan gaskiyar, kuma tambayar da kika yi mini, wai kin ƙi ƙaddara, an taɓa yi wa wanda ya fi mu duka.

Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya fita daga Madina zai je Sham. Da ya isa wani wuri da ake kira Sarg, sai kwamandojin rundunar suka tarye shi, cikinsu har da Abu Ubaida ɗan Jarrah, suka ce annoba ta ɓarke a ƙasar. Umar ya kira Muhajirai ya nemi shawara, suka rabu biyu. Ya kira Ansaru, su ma suka rabu. Ya kira dattawan Ƙuraishawa, suka haɗu a kan ya koma da mutane. Da ya yi shelar komawa, Abu Ubaida ya ce masa, "Gudu daga ƙaddarar Allah?" Umar ya ce da ma wani ne ya faɗi haka ba kai ba, ya Aba Ubaida. Na'am, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Sannan ya buga masa misali: da kana da raƙuma ka sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya mai ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, in ka yi kiwo a mai ciyawar ba da ƙaddarar Allah ka yi ba, in ka yi a ƙeƙasasshen ma ba da ƙaddarar Allah ka yi ba? Ana cikin haka Abdurrahman ɗan Auf ya iso, ya ce ya ji Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce idan kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan ta ɓarke kuna ciki kada ku fita don gudunta. Umar ya gode wa Allah ya juya. Wannan yana cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, yana cikin Buhari da Muslim. Babanki ya san shi, wataƙila ma ya fassara shi ga ɗalibai ba sau ɗaya ba.

Ki lura da abu ɗaya a labarin. Umar bai san ko in ya shiga Sham zai kamu ba. Mutane da yawa sun zauna a cikin annobar sun fita lafiya. Abin da ya sani kawai akwai haɗari bayyananne, kuma yana ɗauke da rayukan wasu. Ke ma haka. Fasa auren ƙaddara ce, yin sa ƙaddara ce, amma gefen kwarin da za ki kora dabbobinki an bar miki zaɓi, kuma a kan zaɓin za a tambaye ki. Bambancinki da mai tsallaka titi ba tare da ya duba ba shi ne, shi ransa ya sa a haɗari, ke kuwa wanda zai ɗauki ciwon bai zo duniya ba tukuna, ba a kuma yi shawara da shi ba.

Batun likita bai san gaibu ba, haka ne, kuma likitar ba ta ce ta sani ba. Ba ta ce miki ɗanki na fari ko na uku ne zai zo da ciwon ba, ba ta ce ga ranar da zai mutu ba. Abin da ta faɗa miki yana cikin jininki yanzu haka, an sa a na'ura an gani. Manomin da ya ce in ka shuka gero ba za ka girbi dawa ba, ba duba ya yi ba, al'adar da Allah ya ɗora halitta a kai ya faɗa. Gadon jiki kuwa Annabi da kansa ya tabbatar da shi. Wani mutum ya zo yana shakkar ɗansa don an haife shi baƙi. Annabi ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye. Ya ce akwai mai ruwan toka a ciki? Ya ce akwai. Ya ce daga ina ya samo? Mutumin ya ce wataƙila wata jijiya ce ta can baya ta jawo shi. Annabi ya ce to ɗanka ma wataƙila jijiya ce ta jawo shi. Abin da yake ɓoye a jikin iyaye ya bayyana a jikin ɗa, ai shi ne AS da SS. Haka wanda zai auri wata mata daga Ansaru, Annabi ya ce ya je ya dube ta domin akwai wani abu a idanun Ansaru. A Risala ma, wadda ba na shakkar Babanki ya haddace babin aurenta, an lissafa cututtukan da ake mayar da aure saboda su, hauka da kuturta da albaras da ciwon al'aura. Sikila ba ta cikin jerin, ban ce tana ciki ba. Abin da nake nuna miki shi ne malaman fiƙihu ba su taɓa ɗaukar duba lafiya a sha'anin aure a matsayin rashin tawakkali ba.

Su kakanni da suka yi aure ba gwaji, Allah ya jiƙansu, ba su da laifi don ba su da abin gwadawa. Amma ki zauna da wata tsohuwa a danginku ki tambaye ta 'ya'ya nawa ta haifa, nawa suka rayu. Za ki ji ta haifi goma sha ɗaya, biyar suka tsaya. Muna da kalmar wabi a bakinmu tun kafin asibiti ya zo. Ba duka sikila ce ta kwashe su ba, akwai ƙyanda da zazzaɓi da gudawa, amma yaro mai SS a wancan zamanin da wuya ya kai shekara biyar. "Ga mu nan da ranmu" magana ce ta waɗanda suka rayu. Waɗanda suka tafi suna jarirai babu mai jin ta bakinsu.

Ba zan ɓoye miki cewa malamai sun yi saɓani a kan gwajin nan ba. Akwai manyan malamai da suka ce ba a buƙatarsa, a kyautata wa Allah zato. Akwai waɗanda suka ce a kwaɗaitar da mutane amma kada a mayar da shi sharaɗin ingancin aure, akwai kuma waɗanda suka ce hukuma tana da ikon wajabta shi don maslahar jama'a, bisa ƙa'idar babu cuta babu cutarwa. Saudiyya ta wajabta gwajin sikila kafin aure tun 2004. A Kano, Hisba ta daɗe tana sa a yi wa ma'auratan auren gata gwaji, sannan a 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin kafin aure, har da na sikilar nan. Idan AS da AS suka ɗaura aure da waliyyi da shaidu da sadaki, aurensu ya ɗauru, ba zan ce miki haramun ba ne. Amma ba kowane abin da ya halatta ne ya zama dole a yi ba, kuma barin halal don tsoron cutar da wani ba a taɓa kiransa saɓo ba.

Takardar ƙarya kuwa, a nan muryata za ta ɗan yi kauri. Wa za a yaudara da ita? Liman zai karanta AA ya ɗaura aure, amma jinin da ke jikin yaron nan bai iya karatu ba. Ƙarya ce, shaidar zur ce, karya doka ce, kuma Annabi ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Na san so ne ya kai shi, yana ganin za ki kuɓuce masa. Duk da haka ki faɗa masa a fili cewa ba da ke ba. Shi ya sa na ce ku karɓi sakamako na biyu tare, kada wata rana ya zo miki da takarda yana murna wai na farkon kuskure ne. Ki kuma tambaye shi, ba da faɗa ba, ko ya taɓa kwana da mai sikila. In bai taɓa ba, ku nemi izini ku je asibiti ranar da ake ganin masu ciwon, ku zauna a benci tare da iyayen, ku saurara. Namiji da yawa yana cewa zai iya, kuma da gaske yake a lokacin. Shekara goma gaba, in kuɗin magani ya cinye albashi, dangi suka fara cewa jininta ne ba kyau, sau da yawa shi yana da ƙofar ƙara aure, ita ce take zama da tsumma da ruwan zafi. Ban ce naki haka zai yi ba. Na dai ga an yi.

Za a ce muku ai yanzu akwai hanyoyi. Akwai, kuma gara ki san su da farashinsu. Ana haɗa ƙwan mata da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, a duba wanda ba SS ba a dasa a mahaifa. Malamai da yawa sun halatta in tsakanin miji da matarsa ne, ana yi a Legas da Abuja, amma miliyoyin naira ne kowane gwaji, ba kullum yake kamawa ba, kuma kowane ɗa sai an sake. Ana iya gwada ɗan tayi a watannin farko na ciki, sai dai in aka ga SS me za a yi? Zubar da ciki a mashhurin mazhabar Malikiyya haramun ne tun daga farkonsa, kuma ba na so ki tsinci kanki a gaban wannan ƙofar. Dashen ɓargo yana warkarwa, an fara yin sa a Najeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, amma sai an samu wanda ɓargonsa ya dace, ga tsada ga haɗari. Sabon maganin gyaran ƙwayar halitta mai suna Casgevy da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, kuɗinsa ya haura dala miliyan 2 ga mutum ɗaya. Malamar firamare ba za ta gina aurenta a kan wannan ba.

Istihararki ba ta faɗi ƙasa ba. Babu inda aka ce sai an yi mafarki. Kin roƙi Allah in alheri ne ya sauƙaƙe, in sharri ne ya kawar da shi daga gare ki, ya kawar da ke daga gare shi, ya ƙaddara miki alheri a inda yake. Amsa tana zuwa ta hanyar abin da ya bayyana da abin da ya sauƙaƙa ko ya tsananta. Ni a ganina, sakamakon da ya fito kafin a shafa fatiha, ba bayan kin haihu biyu ba, yana cikin abin da ya kamata ki duba da idon basira. Kuma istihara tana tafiya ne da shawarar masana, Allah ya ce ku tambayi ma'abota sani in ba ku sani ba.

Saura yadda za ki ɓullo wa Baba, kuma a nan ne nake so ki yi taka-tsantsan. Kada ki je zaure ki ja masa hadisi. Malami ne, uba ne, ba zai ji daɗi 'yarsa ta yi masa karatu ba ko da gaskiyarta, kuma in ya kafe a gaban mutane janyewa za ta yi masa wuya. Ina kuma zaton abin da ya fi damunsa ba ƙaddara ba ce. Ɗan'uwansa ne. Ya ba shi 'ya, an sa rana, gari ya ji, yanzu da wane baki zai ce ya fasa? Ki tausaya masa a kan wannan. Fara da Umma. Kukan nan da kika gani magana ce, wataƙila ta san wani abu a dangi da ba a taɓa gaya miki ba, tunda S ɗin da ke jikinki da na ɗan baffanki mai yiwuwa daga kaka ɗaya ya gangaro. Ku nemi wanda Baba yake jin nauyinsa, malaminsa ko amininsa ko wani likita mai ilimin addini da yake girmamawa, ya same shi shi kaɗai. In son samu ne, baffan naki a fara shawo kansa, domin jikokin nasa ne su ma. Idan maganar fasawa ta fito daga bakin baffa, an sauke wa Babanki dutse daga ka, zumunci kuma ya tsira. Na ga gidajen da fasa aure ya ɓata na shekara ɗaya suka shirya. Na ga kuma waɗanda jinyar yaro ta sa wa da ƙani suka daina gaisawa, kowa yana cewa daga gidan ɗan'uwansa ciwon ya fito.

Idan duk an yi haka Baba ya tsaya a kan bakansa, ki durƙusa ki gaya masa da ladabi cewa ba ki amince ba, kuma ki faɗi dalili sau ɗaya ba tare da ɗaga murya ba. Annabi ya ce a nemi izinin budurwa. Faɗin abin da ke ranki a lokacin da shari'a ta ce a tambaye ki ba saɓa wa iyaye ba ne. Kada ki yi yaji, kada ki daina gaishe shi, kada ki kai maganar Facebook. Ki ci gaba da kai masa ruwan alwala kamar yadda kika saba. Kayan lefe da kuɗin da aka kawo a mayar da su cikin mutunci ta hannun manya, ba tare da an bar ko ɗankunne ba.

Zafin rabuwar kuma ba zan ce miki ba komai ba ne. Shekara uku ba kwana uku ba ce, ga shi ɗan'uwa ne da za ki riƙa gani a kowane biki da suna. Za ki yi kuka, ki yi abinki. Ki rage waya da shi na wani lokaci don ku duka ku samu ku warke, ki yi masa addu'ar mace ta gari mai AA, ke ma Allah ya kawo miki naki. In wani ya fito nan gaba, ki tambaye shi ko AA ne ko AS ko SS tun kafin zuciya ta yi nisa, ba kunya a ciki. Ƙannenki maza da mata kuma ki sa Umma ta kai su a gwada su tun yanzu, har da 'ya'yan baffan.

Ki rubuto mini in kun karɓo sakamako na biyu, ki kuma gaya mini abin da Umma ta ce da kika zauna da ita. Ina sa ki a addu'a.